Kwamfutocinmu za su iya faɗa mana inda ɗanyen mai zai nufa idan ya malala a teku?

Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai shawarar da ta daɗe tana yi min yawo a rai, ina so masana cikinmu su duba min ita. A 2020, lokacin korona, mutane daga ko'ina a duniya sun ba da aron kwamfutocinsu na gida ga shirin Folding@home, wanda aka faro a Jami'ar Stanford tun shekarar 2000. Za ka sa 'yar manhaja, da ka tashi daga kan kwamfutar sai ta ci gaba da yi musu lissafi. Da aka tara ƙarfin wuri guda sai ya haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, abin da babu wata katafariyar kwamfuta guda ɗaya da ta kai a wancan lokacin. To mu me zai hana mu yi haka a kan malalar ɗanyen mai? Gaɓar tekun Nijeriya ta haura kilomita 850, ga rijiyoyin mai a tudu da cikin ruwa. Ɗakunan kwamfuta na jami'o'inmu kuwa, da an tashi daga aji shiru kake ji. A haɗa su ta intanet, su kwaikwayi tafiyar ruwan teku, duk ranar da mai ya zube a san garin da zai fara isa. Hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya.

Baba Lawal: Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya yi maka albarka, amma ni ban gane ba. Mai ya zuba a ruwa, ido na ganinsa, jirgin sama na iya bin sa. Ita kwamfutar me za ta ƙara?

Dakta Hauwa: Baba, ido yana nuna inda man yake yau. Masu aikin kwashewa kuwa so suke su san inda zai kasance jibi, domin shingen roba da ake shimfiɗawa a kan ruwa ba ya isa a kewaye gaɓa duka, kuma kai shi wuri yana cin lokaci. Dole a zaɓi bakin kogin da za a fara tsarewa.

Bari in faɗi yadda aikin yake, don a san nauyin abin da Sadik ke magana a kai. A cikin lissafi ana yanka teku gida-gida, kamar akwatuna, daga saman ruwa har ƙasa, hawa-hawa. Kowane gida yana da nasa gudun ruwa da inda ya nufa, da zafinsa, da yawan gishirinsa. Sai a tura agogo gaba da 'yan mintoci, a sake lissafa kowane gida, bisa la'akari da abin da ya shigo masa daga maƙwabtansa da abin da ya fita. A sake turawa, a sake lissafawa, har a cika kwanakin da ake so. Idan faɗin kowane gida kilomita 10 ne, tekunan duniya za su ba ka ɗaruruwan miliyoyin gidaje. Idan ka ce kilomita 10 ya yi girma, ka mayar da shi 5, aikin ba biyu zai ninka ba, takwas zai ninka, saboda ka raba tsawo, ka raba faɗi, kuma dole ka rage tazarar agogon.

Bayan an samu tafiyar ruwan, sai a zuba man. Ana wakiltarsa da dubban ɗigo na lissafi, kowane ɗigo na ɗauke da wani kaso na man. Ruwa ya ja shi, iska ta tura shi da kusan kashi 3 cikin 100 na gudunta. Iska mai gudun kilomita 20 a awa za ta matsar da mai kusan kilomita 14 a yini, ban da abin da ruwan ya ja.

Nura: Dakta ta taɓo inda gizo ke saƙa. Sadik, ka kula da kalmar "maƙwabta". Idan ka raba tekun ga kwamfutoci dubu, kowacce bayan kowane taku sai ta aika wa na gefenta abin da ya faru a iyakarta, sannan ta jira nasu kafin ta ci gaba. A cikin katafariyar kwamfuta wannan saƙon kashi 1 ko 2 cikin miliyan na daƙiƙa yake ɗauka, don wayoyin gajeru ne kuma don haka aka ƙera su. Tsakanin Zariya da Maiduguri ta intanet, dubun-dubatar ninkin haka zai ɗauka.

Ka taɓa tsayawa ranar zuba dekin? Leburori sun jeru daga wurin kwaɓi har saman gini, kwanon sarki na tafiya hannu da hannu. Mutum ɗaya ya tsaya ɗaure takalmi, layin gaba ɗaya ya tsaya. Haka lissafin ruwan teku yake. Folding@home kuwa buga bulo ne: kowa ya ɗauki yashinsa da simintinsa ya koma gefe, da yamma a ƙirga. Wanda ya makara bai hana kowa aiki ba. A naka tsarin, wuta ta ɗauke a jami'a ɗaya, tekun duka ya tsaya cak.

Sadik: Yaya Nura, na ji, amma ban yarda an rufe ƙofa ba. Jami'ar Oksfod ta fara climateprediction.net a 2003, kuma yanayin duniya suke kwaikwaya a kwamfutocin gida. Can ma ai iska da teku ne, gidaje da maƙwabta.

Dakta Hauwa: Gaskiyarka, kuma a nan shawararka take da ƙafa. Su ba su raba duniya ɗaya ga mutane dubu ba. Kowane mutum suna ba shi duniyar sukutum, mai manyan gidaje yadda kwamfutarsa za ta iya ɗauka, sai su ɗan canza wani abu a ta kowa. Daga baya su tara sakamakon su ga me ya fi maimaituwa. A aikin mai ma haka ake. Lissafin ruwan shi ne mai nauyi, shi ke son katafariyar kwamfuta. Zuba ɗigon mai a kan ruwan da aka riga aka lissafa kuwa, kwamfutar cinya ma tana yi. To idan kana so ka gwada sau dubu, ka canza rana, ka canza iska, ka canza yawan man da irinsa, wannan kam ana iya raba wa jama'a.

Amma ina so ku ji abin da ya faru a Amurka a 2010, domin a can aka gwada duk wannan da gaske. Ranar 20 ga Afrilu dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki a rijiyar Macondo, ya yi bindiga a Mashigin Tekun Meksiko. Ma'aikata 11 suka rasu. Bayan kwana 2 dandalin ya nutse, bakin rijiyar na can ƙasa kusan mita 1,500, mai na ta ambaliya har kwana 87, sai 15 ga Yuli aka toshe. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9.

Hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken kimiyya a ƙasar tana da wani tsari a lokacin mai suna TeraGrid, wanda ya haɗa manyan kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyi da layuka masu sauri. Ta ware awa miliyan 1 na gaggawa a kan wata kwamfuta mai suna Ranger da ke Jami'ar Teksas, mai ƙwaƙwalen lissafi sama da 62,000. Awa miliyan 1 a kan ƙwaƙwalwa guda shekara 114 ke nan. Farfesa Clint Dawson da abokan aikinsa suka ɗauko manhajar ADCIRC, wadda asalinta don hasashen ambaliyar guguwa aka yi ta, saboda babban tsoron shi ne damina ta kawo mahaukaciyar guguwa ta kwashi man ta cusa shi cikin fadamun Luwiziyana.

Maman Fadila: Dakta, ni malamar firamare ce, ki yi min a hankali. Na taɓa ganin wani bidiyo na wancan lokacin, launi na fita daga wurin rijiyar, ya zagaya Fulorida, ya haura gefen Amurka, ya bazu cikin Atlantika. Shi ne wannan? Kuma haka aka yi?

Dakta Hauwa: Wannan wani ne daban, Maman Fadila, kuma shi ya fi yin suna. Cibiyar binciken yanayi ta NCAR ce ta fitar da shi a farkon Yunin 2010, aikin Synte Peacock da abokan aikinta na cibiyar Los Alamos. A cikin mashigin akwai wani ƙaƙƙarfan gudun ruwa da ke shigowa ta tsakanin Meksiko da Kyuba, ya yi lanƙwasa zuwa arewa, ya juyo ya fita ta mashigar Fulorida, ya zama babban gudun da ke bin gabashin Amurka. Gudunsa kan wuce mita 1 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 80 a yini. Duk abin da ya faɗa cikinsa ya yi nisa. Kwaikwayon nasu ya nuna idan man ya shiga, zai iya kaiwa Atlantika cikin makonni.

Hakan bai faru ba. A daidai lokacin kan lanƙwasar ya tsinke, ya zama wani ƙaton zoben ruwa mai juyawa shi kaɗai, wanda aka raɗa wa suna Franklin. Hanyar da za ta kai man Fulorida ta yanke. Yawancin ɓarnar ta tsaya a gaɓar arewacin mashigin.

Maman Fadila: To ke nan kwamfutar ƙarya ta yi. Ni tausayin masunta da masu otal na wancan gefen nake ji, waɗanda aka tsorata wa masu saye a banza.

Dakta Hauwa: Ba zan kira shi ƙarya ba. Masu aikin sun faɗa a sanarwarsu cewa ba hasashe ba ne, misali ne na abin da ka iya faruwa. Sun ce rini suka zuba a lissafin, mai nauyi daidai da ruwa, wanda ba ya tashi a iska, ƙwayoyin cuta ba sa cinye shi, ba a kwashe shi. Kuma sun gudanar da shi fiye da sau ɗaya da yanayin ruwa daban-daban. Abin da ya yi yawo a talabijin shi ne hoton mai launi, bayanin ya tsaya a takarda.

Injiniya Garba: Dakta, da girmamawa, a nan muka rabu. Na yi aikin kwashe mai a yankin Fatakwal shekaru, kuma ina gaya miki wanda ya saki irin wannan hoton ya san babu mai karanta ƙananan rubutu. Idan ka san rini ka zuba, ba mai ba, to kada ka nuna wa mai kamun kifi. Mai ba rini ba ne. Ranar farko baƙi ne, tsararo, warinsa na shiga ido har hawaye. Mai sauƙin cikinsa yana bin iska, ɗanyen manmu na Nijeriya ma mara nauyi ne, kaso mai yawa na tafiya a kwanakin farko. Abin da ya rage igiyar ruwa ta yi ta bugunsa har ya sha ruwa, ya koma ja-ja mai kauri, ya ninka yawansa. Ka sa safar hannu ka ɗebo, ka juya hannun, ba zai zuba ba. Famfon da ya ja shi jiya yau sai ya shaƙe. Sinadarin tarwatsa mai da zai yi aiki ranar farko, a wannan matakin asarar kuɗi ne. Duk lissafin da bai san wannan ba, ni ba ya yi min amfani a cikin kwalekwale.

Abin da ya taimaki masu aiki a 2010 shi ne taswirar da NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ke fitarwa kullum, ta awa 72 kawai. Su kan duba hoton tauraron ɗan'adam da rahoton jiragen sama, su gyara inda man yake da gaske, su sake lissafi da manhajarsu GNOME a kan hasashen ruwa na cibiyoyi da yawa. Kuma su zana wani layi a kewaye, su ce man na iya kasancewa ko'ina a cikin nan. Wannan layin shi ne gaskiyar taswirar.

Dakta Hauwa: Ban musa darajar ta kwana 3 ba, Injiniya. Amma gwamnan da ke da gaɓa a can gabas yana da haƙƙin sanin ko ya fara tanadi. Da zoben bai tsinke ba fa? Da an yi shiru sannan man ya iso, da laifin ya fi haka. Gyaran da nake gani shi ne a daina nuna zane ɗaya. A nuna cewa cikin gwaji ɗari, sau nawa man ya kai wuri kaza.

Injiniya Garba: To a kan wannan mun daidaita. Amma akwai abin da ya fi damuna, kuma babu girman kwamfutar da ke maganinsa. Nawa ne ke fita daga rijiyar? Da farko an ce ganga 1,000 a yini. Bayan 'yan kwanaki aka ce 5,000, aka tsaya a kan haka makonni. Masu duba hotunan tauraro daga waje, irin su Ian MacDonald na Jami'ar Jihar Fulorida da ƙungiyar SkyTruth, suka ce faɗin man da suke gani ya fi ƙarfin wannan adadin nesa ba kusa ba. Da aka zo ƙarshe, ƙiyasin gwamnati ya nuna kusan ganga 62,000 a yini da farko, ya sauko zuwa 53,000 kafin a toshe. Sama da ninki 10. Ka ba Ranger lambar 5,000, za ta yi maka lissafi mai kyau a kan abin da babu shi. Kuma lambar nan kuɗi ce, domin a kan kowace ganga ake cin kamfanin tara. Sai da aka je kotu, a 2015 alƙali ya tsayar da ganga miliyan 3.19 a matsayin abin da ya shiga ruwa.

Dakta Hauwa: Ƙara da abin da ba ya hawowa sama. An fesa sinadarin tarwatsa mai da ake kira Corexit galan miliyan 1.8 da ɗoriya, wani kaso a bakin rijiyar can ƙasa. A watan Yuni masu bincike na cibiyar Woods Hole suka tura wata na'ura mai nutso da kanta, ta gano wani dogon gajimaren mai a zurfin kusan mita 1,100, tsawonsa ya haura kilomita 35. Tauraro ba ya ganin wannan. Tun man na zuba, a watan Mayun 2010, BP ya ware dala miliyan 500 don bincike na shekara 10, kuma cikin abin da aka yi da kuɗin, a 2012 an saki na'urori masu shawagi kusan 300 a mashigin don a auna yadda ruwan saman ke tafiya da gaske. Ku lura, ƙasar da ta fi kowa manyan kwamfutoci, da ta tashi gyara sai ta koma auna ruwa.

Baba Lawal: Na saurare ku duka, kuma na ƙaru. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni. Ta ce a wani gari, Nisisioken Ogale, mutane na shan ruwan rijiya mai gubar benzin ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Ta ce gyara zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Wannan man ba ya buƙatar a yi hasashen inda zai je. Ya je, ya zauna, yana cikin tulun mutane. Mu da ba mu kwashe wanda ke gabanmu ba, za mu zauna lissafin wanda bai zuba ba?

Maman Fadila: Wallahi Baba maganarka ta taɓa ni. Yaran da ke shan wannan ruwan sa'annin 'yan ajina ne.

Injiniya Garba: Ranka ya daɗe, ba ni da abin cewa a kan Ogoni sai Allah ya isar musu. Kuma gaskiya ne yawancin malalarmu a cikin ƙoramu take, inda ruwa ke shiga ya fita sau biyu a yini, hanyoyin kuma ƙanana ne, gidan kilomita 10 na Dakta zai haɗiye ƙauyuka da ƙoramunsu gaba ɗaya. Can abin da ake buƙata shi ne a isa da wuri a rufe bututu. Amma akwai ranar da lissafin zai yi wa talaka amfani. A watan Disamban 2011 mai ya zuba a filin haƙar mai na Bonga da ke cikin teku, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, lokacin da ake loda wa jirgin dakon mai. Kamfanin Shell ya ce bai kai ganga 40,000 ba, kuma an tarwatsa shi tun a cikin teku. Mutanen gaɓa suka ce ya iso musu, ya ɓata musu kamun kifi da gonaki. Magana ta kai har Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda a 2023 ta ce an makara da shigar da ƙarar. Ba ta yanke hukunci a kan ko man ya iso ko bai iso ba. Da a makon da abin ya faru akwai wata jami'a tamu da ta ɗauki iskar ranakun da gudun ruwan, ta bi sawun man gaba, ta kuma bi na bakin gaɓa baya zuwa inda ya fito, aka haɗa da gwajin samfurin man a ɗakin bincike, da masunta sun riƙe wani abu a hannu ban da rantsuwa.

Isa Damagaram: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu daga Nijar. Wani zai ce mu da ba mu da teku me ya kawo mu, amma yanzu muna da hannu a ciki. Tiyon mai ya tashi daga Agadem cikin jihar Diffa, kusan kilomita 2,000, ya ƙare a Seme kusa da Kwatano, kuma tun watan Mayun 2024 aka fara loda wa jiragen ruwa. Na Cadi ma tun 2003 yake sauka a Kribi ta Kamaru. Dakta, idan Allah ya kiyaye wani abu ya faru wurin lodi a Seme, ina man zai nufa?

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam Malam Isa. Amsa tabbatacciya sai an san ranar da iskarta. Amma abin da aka sani shi ne babban gudun ruwan gaɓar Gini gabas yake tafiya, ya fi ƙarfi da damina, kuma mafi yawan shekara iska daga kudu maso yamma take busowa, wato tana tura abin da ke kan ruwa zuwa tudu. Gabas da Seme kuwa Badagiri ne, sai Legas. Man Nijar, a ruwan Benin, ya sauka a gaɓar Nijeriya: ƙasa uku ke nan. Akwai Yarjejeniyar Abijan ta 1981 da ta tanadi haɗin kai a irin wannan, amma yarjejeniya ba ta faɗa maka awa nawa gare ka.

Kuma Baba, ga amsata ga tambayarka, daga Bahar Maliya. Akwai wani tsohon jirgin ajiyar mai, Safer, da aka ɗaure a arewa da Hudaida ta Yaman, ɗauke da ganga sama da miliyan 1.1. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2015 aka daina kula da shi, yana ta tsatsa. Ninki huɗu ne na abin da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya zubar a Alaska a 1989. Masu bincike suka yi irin gwajin nan sau da yawa, na rani daban, na hunturu daban, suka nuna yadda zai rufe tashar Hudaida da abincin agaji ke shigowa, da yadda zai kai ga injinan tace ruwan gishiri da miliyoyin mutane ke sha. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kwashewa kaɗai zai ci dala biliyan 20. Da wannan hujjar aka yi ta bin ƙasashe neman gudummawa, har a watan Agustan 2023 aka gama juye man cikin wani jirgin. Ko ɗigo bai zama bala'in da aka ji tsoro ba. Ba na cewa taswira ce kaɗai ta yi aikin, amma ta sa masu kuɗi sun ga abin kafin ya faru.

Baba Lawal: Wannan kam na karɓa, 'yata. Sharaɗina ɗaya, kada a ce an sayi na'ura ta biliyoyi a sa mata labule, alhali kuɗin kwashe na Ogoni na tafiyar hawainiya.

Nura: Baba, ba sai an sayi komai ba a matakin farko. Shirin Copernicus na Tarayyar Turai yana ba da hasashen gudun ruwan tekunan duniya kyauta, rajista kawai za ka yi. Su suka ɗauki nauyin lissafin a manyan kwamfutocinsu. Hotunan tauraron Sentinel-1 ma kyauta ne, kuma yana gani cikin dare da cikin hadari, mai na fitowa baƙi saboda yana kwantar da ƙananan igiyoyi. GNOME kyauta ce. Hukumar yanayi ta Nowe ma ta saki tata, OpenDrift, kowa na iya saukewa. Idan an kai ga buƙatar babbar na'ura, akwai Lengau a Afirka ta Kudu da Toubkal a Maroko. Abin da zai ci mana kuɗi shi ne data da wuta.

Injiniya Garba: A yi hattara da baƙin da ke hoton tauraro. Wurin da iska ta kwanta ma baƙi yake fitowa, haka wasu tsirran ruwa. Sai wanda idonsa ya saba, ko a tura kwalekwale.

Dakta Hauwa: Da wani hattarar kuma. Hasashen Copernicus na duniya gidajensa kusan kilomita 9 ne. A tsakiyar teku ya wadatar. Kusa da bakin Neja, inda ruwan kogi mara gishiri ke kwanciya a kan na teku yana tafiyarsa daban, ba zai gani da kyau ba, kuma ma'aunan da ke cikin ruwanmu da za a gyara shi da su kaɗan ne. Saboda haka duk abin da za mu fitar, layin shakkarsa zai yi faɗi, kuma dole mu zana shi da faɗinsa.

Sadik: To ga abin da nake ganin za mu iya. Mu ɗauki wuri biyu, Bonga da Seme. Mu sauke bayanan ruwa da iska na shekarun baya. Kowane mai kwamfuta ya ɗauki wata guda, ya saki mai na lissafi a kowace rana ta watan, ya bi shi kwana 10, ya turo sakamako. Wanda wuta ta yanke masa ya ƙarasa gobe. A ƙarshe mu san a kowane wata wace gaɓa ce ta fi shiga haɗari, da kwana nawa man ke ɗauka kafin ya isa.

Dakta Hauwa: Wannan aiki ne na gaske, har ya isa kundin digiri na biyu. Amma ka fara da Bonga ta 20 ga Disamban 2011 ita kaɗai. Akwai hotunan tauraro na ranakun da suka biyo baya. Idan ɗigonka suka bi inda man ya bi a hoto, sai mu ci gaba. Idan suka kauce, mu nemi dalili kafin a raba wa kowa aiki.

Injiniya Garba: Kuma kada taswira ko ɗaya ta fita daga zauren nan zuwa Facebook sai da bayanin Hausa da Turancin buroka a jikin hoton kansa, ba a ƙasansa ba, yana cewa gwaji ne, ba mai ne ya zuba ba. In ba haka ba, gobe a wayi gari an daina sayen kifin Badagiri. Idan ta nuna, ni zan kai wa waɗanda na sani a hukumar NOSDRA, tunda su doka ta ɗora wa bin sawun malala tun 2006.

Isa Damagaram: A sa da Faransanci, don mutanen Kwatano su karanta. Wannan ni zan yi. Ina da kwamfuta da sola, ku ba ni watan Agusta na Seme.

Maman Fadila: Ni ba ni da kwamfutar kirki, amma ku turo min bayanin Hausar kafin a saka. Idan ni ban gane ba, mai kamun kifi ma ba zai gane ba.

Nura: Sadik, kada kowa ya sauke bayanan duniya duka, data za ta ƙare a banza. Ka yanko daga Ghana zuwa Kamaru kawai, ruwan sama-sama, ni zan ajiye a wuri ɗaya kowa ya ɗauka. Turo min lambobin wurin Bonga da daren nan in fara saukewa.